TARIHI KO LABARIN ƘASA: YADDA AKA RABA 'YAN GIDA ƊAYA

Da kwamitin mujalla ya nemi in yi rubutu a kan tarihi, sai na ga ya dace in ɗauko wata tambaya da kowannenmu ya amsa yana ɗan shekara 15 ko 16, wato lokacin shiga aji huɗu: Tarihi za ka ɗauka ko Labarin Ƙasa? Wasu sun bi abokai, wasu sun bi malamin da suke so, wasu kuma sun gudu daga haddar shekaru ko zanen taswira. Yau ga shi ƙannenmu da 'ya'yanmu sun fara isa wannan mararraba, suna neman shawararmu. Don haka ya kamata mu san inda zaɓin ya samo asali, da abin da ya jawo mana a wannan yanki na Funtuwa da Malumfashi.

Asalin zaɓin

Bayan samun mulkin kai a 1960, masana sun yi ta kukan cewa manhajar da Turawa suka bari ba ta dace da bukatun ƙasa ba. Wannan ya sa aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas a 1969. Daga shawarwarin taron aka fito da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, aka yi mata gyara a 1981, sannan a 1982 aka fara aiki da tsarin nan na 6-3-3-4.

Tsarin ya yi abubuwa biyu da suka shafi maganarmu. Na farko, a ƙaramar sakandare an haɗe Tarihi da Labarin Ƙasa cikin darasi ɗaya na Nazarin Zamantakewa, inda kowanne ya sami ɗan gurbi kaɗan. Na biyu, a babbar sakandare an jera darussan dole, aka ce ɗalibi ya ɗauki ɗaya daga cikin Adabin Turanci, ko Tarihi, ko Labarin Ƙasa, daga baya aka ƙara darasin addini a jerin. Dokar ba ta hana a ɗauki biyu ba, amma inda malamai da azuzuwa suka yi ƙaranci, mafi sauƙi shi ne a sa darussan biyu a lokaci ɗaya a jadawali. Kararrawa na kaɗawa sai aji ya rabu, masu littafin Iloeje su yi gabas, masu littafin Onwubiko su yi yamma.

A wannan gasa Tarihi ne ya sha kaye. 'Yan ajin kimiyya sun karkata ga Labarin Ƙasa, domin yana tafiya da karatun safiyo da tsara birane da nazarin ma'adinai a jami'a. 'Yan ajin adabi kuma suka sami darasin Gwamnati, wanda ake ganin ya fi sauƙin ci a jarrabawa. Daga shekarar karatu ta 2009/2010 sai aka cire Tarihi daga manhajar ilimin farko baki ɗaya. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kenneth Dike, ta daɗe tana fafutukar a dawo da shi. A 2018 aka ƙaddamar da sabuwar manhajarsa, a 2022 aka yi bikin dawo da shi a hukumance, a 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa ya zama dole daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare.

Magabata ba su raba su ba

Idan muka waiwaya, za mu ga malaman da ba su san wannan rabuwa ba. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, sai da ya yi bayanin sassan duniya da tekuna da koguna da tasirin zafi da sanyi ga halayen mutane, kafin ya shiga maganar dauloli. A nan gida kuma, Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, shekara 5 kafin ya zama Sarkin Musulmi. Littafin tarihin jihadi ne, amma da bayanin ƙasashe da mazaunansu ya buɗe shi. Har ila yau, da Baturen nan Kilafaton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Bello ya ba shi taswirar ƙasashensa, aka buga ta a Landan a 1826.

Haka ma a zamaninmu. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 2005, ya wallafa littafinsa The Transformation of Katsina a 1981. Duk wanda ya karanta shi zai ga cewa ƙasar noma da duwatsu da hanyoyin fatauci sun sami wuri a cikinsa kamar yadda sarakuna da yaƙe-yaƙe suka samu.

Katsina Laka

Tsohon sunan yankinmu ma ya isa shaida. Magabata sun kira kudancin ƙasar Katsina da sunan Katsina Laka, saboda ƙasar wurin mai nauyi ce mai riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewa. Ruwan sama a nan yakan kai milimita 1,000 ko fiye a shekara, alhali a birnin Katsina yakan tsaya wajen 600 zuwa 700. Daga tudun da ke kusa da Funtuwa ne Kogin Sakkwato ya taso, ya ratsa Gusau ya nufi yamma. Ga kuma manyan duwatsu a warwatse, waɗanda suka zama mafaka a zamanin yaƙi.

Malamin Labarin Ƙasa zai tsaya nan. Malamin Tarihi kuma sai ya ɗora da cewa a kan wannan laka da gindin waɗannan duwatsu aka kafa tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki da Kogo, inda noman auduga da baba da saƙa da rini suka bunƙasa tun kafin jihadi. Bayan birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, aka sake tsarin sarautu, har muka wayi gari Galadiman Katsina yana zaune a Malumfashi, Sarkin Maska kuma ya koma Funtuwa a zamanin Turawa. To, me ya sa hakimi zai bar tsohon gari mai ganuwa ya koma wani? Amsar tana cikin taswira: hanya ce ta bi ta Funtuwa, kasuwa ta bi hanya, mulki ya bi kasuwa.

Auduga da jirgin ƙasa

A 1902 masu masaƙu a Ingila suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a birnin Mancesta, don su rage dogaro da audugar Amurka. Sun sa rai ƙwarai da Arewacin Nijeriya, kuma wannan buri na cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo har ya isa Kano a 1911. Amma lissafinsu bai fita ba. Masaƙan gida na Kano sun fi su sayen auduga da daraja, manoman jigawa kuma suka ga gyaɗa ta fi dacewa da ƙasarsu, ta fi kawo kuɗin biyan haraji. Nan da nan Kano ta zama cibiyar gyaɗa.

Sai hankalin Turawa ya dawo kan laka, wato arewacin Zazzau da kudancin Katsina da ƙasar Gusau. Aka yaɗa irin audugar Amurka mai suna Alan, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka gina gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan Funtuwa ta cika da baƙi, 'yan kasuwa da leburori da ma'aikatan jirgi daga kowane sashe na ƙasar nan. Daga baya aka kafa masaƙar Funtuwa a ƙarshen shekarun 1970. Da gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, kuma manyan masaƙun Kaduna suka durƙushe a shekarun 2000, sai noman auduga ya ja baya. Tashar tsandauri da aka buɗe a Funtuwa a 2024 ta sake nuna cewa matsayin garin na mahaɗar hanyoyi yana nan.

Wanda ya karanta Tarihi kaɗai zai iya kawo shekarun nan a jere, amma zai kasa faɗin dalilin da ya sa Kano ta ɗauki gyaɗa mu muka ɗauki auduga. Wanda ya karanta Labarin Ƙasa kaɗai zai zana yankin auduga a taswira, amma ba zai san hannun masu masaƙun Ingila a ciki ba.

Masara da Bankin Duniya

Yaran yanzu suna ɗauka tun fil azal masara ce abincin yankin nan. Dattawa sun san dawa ce uwar hatsi, masara kuwa a bayan gida ake ɗan shuka ta don gashi. Bayan farin 1972 zuwa 1974, sai aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin ya ƙunshi gundumomi 5: Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ƙanƙara da Faskari. An buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri, an yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, an kawo ingantaccen irin masara. Cikin 'yan shekaru masara ta mamaye gonaki, kasuwannin hatsi irin na Ɗandume da Bakori suka ƙara suna.

An zaɓi yankin ne saboda ruwansa da ƙasarsa. Amma masu bincike sun nuna cewa manyan manoma sun fi ƙanana cin moriyar shirin, kuma masara ba ta yi sai da taki, don haka duk shekarar da taki ya yi tsada talaka ne ke fara ji a jikinsa. Ƙasa ce ta ba da dama, mutane da hukuma suka yanke wa za a ba, wa za a hana.

Abin da rabuwar ta jawo

Mu da muke aikin gwamnati mun sani, da wuya fayil ɗin rikicin ƙasa ya zo tebur bai bukaci ilimin nan biyu ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, aka yi ta ƙara ƙananan hukumomi da gundumomi, kuma kowace sabuwar iyaka tana da tsohon labari. Mai safiyo zai auna fili daidai, amma sai an sami wanda ya san wa ya fara saran dajin, da izinin wane dagaci, kafin a raba gardama.

Babban misali shi ne maganar burtali da makiyaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, Dokar Amfani da Ƙasa kuma ta zo a 1978. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun faɗaɗa, burtaloli da mashaya da yawa sun shige cikin gonaki. Rashin tsaron da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, har ya kai ga sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, yana da dalilai masu yawa, kuma babu uzuri ga mai ɗaukar makami. Duk da haka, mai neman maganin abin dole ya san inda daji da hanyoyin shanu suke, ya kuma san yadda Fulani da Hausawa suka yi zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shekaru aru-aru, da lokacin da zaman ya fara lalacewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shawara ga ƙungiya

Ga yaron da ya zo neman shawara, a fara tambayarsa abin da yake son karantawa a jami'a, a duba darussan da ake bukata, domin kuskure a nan yana iya jawo asarar shekara. In akwai halin ɗaukar duka biyun, ya ɗauka. In babu, ya ɗauki ɗaya don jarrabawa, ya riƙa karanta ɗayan don kansa.

Ga ƙungiya kuma ina da roƙo uku. Na ɗaya, mu nemi hukumar makaranta ta duba yiwuwar raba lokacin darussan biyu a jadawali. Na biyu, mu sayi taswirar jiha da ta ƙasa da littattafan tarihin Katsina mu ajiye a ɗakin karatu, mu kuma sa kyauta ɗaya ta shekara ga ɗalibin da ya fi iya rubuta tarihin garinsu haɗe da taswirarsa. Na uku, mu ɗauki nauyin kai ɗalibai ziyara Maska da Daudawa da tsohuwar tashar jirgin Funtuwa, malamin Tarihi da na Labarin Ƙasa a mota ɗaya. Dattawan da suka yi aiki a gidan gurza da tashar jirgi suna ta ƙarewa, ya kamata a ɗauki bayaninsu tun suna da rai.