Inshorar Lafiya ta Gwamnati da Yaran Masu Ƙaramin Ƙarfi: Nazari daga Ƙofar Marusa, Katsina

Tsakure

Maƙalar ta duba amfanin inshorar lafiya da gwamnati ke biya wa talakawa, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, ta ɗauki unguwar Ƙofar Marusa da ke birnin Katsina a matsayin misali. An dogara ne a kan dokokin lafiya na Nijeriya, da alƙaluman binciken ƙasa, da abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar. Ra'ayin maƙalar shi ne babban amfanin inshora ga yaro shi ne rage jinkirin kai shi asibiti, kuma wannan amfani yana rushewa muddin kuɗin bai isa asibitin unguwa a kan lokaci ba.

1.0 Gabatarwa

Binciken yawan jama'a da lafiyarsu na shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara 5. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai 187. Binciken ya kuma gano cewa kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na manya masu shekara 15 zuwa 49 ke da wata inshorar lafiya. Sauran daga aljihu suke biya, shi ya sa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ke nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga hannun majinyata da danginsu yake fitowa. Cututtukan da suka fi kashe yaran nan, wato zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu, tare da tamowa da ke raunana jiki, duk suna da magani mai araha idan an zo da wuri.

2.0 Abin da Doka ta Tanada

An kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, amma ya daɗe yana amfanar ma'aikatan gwamnatin tarayya kusan su kaɗai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce rabinsa ya bi ta hanyar inshora, sai dai kuɗin bai shiga kasafi ba sai a 2018. A wannan shekarar ce kuma Jihar Katsina, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta yi dokar kafa hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. A rubuce dai, yaron talaka yana da mai biya masa.

3.0 Jinkiri a Gidan Talaka

Ƙofar Marusa ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina, kuma unguwar da ta ɗauki sunanta ba ta da nisa da asibitoci: akwai Babban Asibitin Katsina, da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Tunda nisa ba shi ne matsala ba, sai a nemi dalilin jinkiri a wani wuri.

Magidancin da ke fita ya nemo na yau, ko ɗan kabu-kabu ne ko lebura ko mai tireda, idan yaronsa ya kwana da zazzaɓi, lissafi yake fara yi: kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin magani, ga kuma yinin da zai rasa. Sai a ce bari a ga zuwa gobe. A je kemis a sayo na ɗari biyu ko uku, sau da yawa rabin abin da ya kamata yaron ya sha. A haɗa da jiƙo. Uwa kuwa, wadda ita ta fara ganin idon yaron ya canza, ba lallai kuɗin na hannunta ba, dole ta jira maigida ya dawo. Kafin a yanke shawarar tafiya asibiti, zazzaɓin da ƙwayoyi na kwana 3 za su kashe ya zama jijjiga, ana neman ƙarin jini da gado. A nan ne ake sayar da akuya, ko a karɓi ɗibar adashi kafin lokaci, ko a cinye jarin uwa. Iyayen nan ba sakaci suke yi ba. Abin da ke aljihunsu suke aunawa, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 awon ya ƙara tsanani.

Akwai hujja a cikin unguwar kanta. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aikin tamowa a Katsina a 2021, tana kula da yara kyauta a Ƙofar Marusa, masu tsananin ciwo kuma a kwantar da su a cibiyar Ƙofar Sauri. Cikar da wuraren nan ke yi ta nuna cewa idan babu biyan kuɗi a bakin ƙofa, iyaye mata suna zuwa, har daga ƙauyuka. Amma wannan aikin agaji ne, ya ta'allaƙa da masu ba da tallafi daga waje, kuma yaro yake karɓa bayan ya riga ya rame. Ƙungiyar ta ba da rahoton mutuwar yara 652 a cibiyoyinta na Katsina cikin watanni 6 na farkon 2025. Aikin inshora shi ne ta tare yaron tun a gudawar farko, kafin ya kai wannan hali.

4.0 Darasi daga Nijar

Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ba ta da nisa da Katsina, jama'arsu ɗaya ce, cututtukansu ma haka. A 2006 gwamnatin Nijar ta soke biyan kuɗin asibiti ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mace-macen yara a can ya sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma lissafa kulawar kyauta cikin dalilai, tare da gidan sauro da yaƙi da tamowa. Sai dai gwamnati ta riƙa jinkirta mayar wa asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya ƙare musu, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je waje ta saya. Wannan ɓangare ne ya fi kamata Katsina ta tsaya a kansa. Uwar da ta nuna kati sau biyu aka ce mata babu magani, a na uku kemis za ta wuce kai tsaye.

5.0 Tattaunawa

Tsarin da ya ginu a kan cire kuɗi daga albashi ba zai kai ga gidan da babu albashi ba, kuma neman talaka ya biya na shekara gaba ɗaya yana mayar da shi inda ya fito. Saboda haka kason yaran talakawa daga baitulmali ya kamata ya fito. Zaɓen wasu 'yan tsiraru a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 361 na jihar yana jawo zargin son kai, yana kuma barin maƙwabci da halinsu ɗaya a waje; ya fi sauƙi da adalci a sa duk yaron da bai kai shekara 5 ba, a yi masa rajista ranar rigakafinsa na farko, katin kuma ya zauna a hannun uwa. Masu ɗari-ɗari da inshora ta fuskar addini suna buƙatar bayani daga malaman unguwa cewa asusu ne na taimakon juna, ba ciniki ba. Wajen auna nasara kuma, yawan katunan da aka raba ba ya faɗin komai game da yaro. Abin da ya kamata hukumar jiha ta riƙa tattarawa daga rajistar asibitocin matakin farko shi ne kwana nawa yaro ya yi da ciwo kafin a kawo shi, da ko ya sami maganinsa a wurin, da kuma ranar da kuɗin watan ya shiga asusun asibitin.