Yakubu Gowon da Yaƙin Biyafara: Sanyin Hali a Tsakiyar Wuta

Ranar 1 ga Agusta, 1966, da aka ji muryar Laftanar Kanar Yakubu Gowon a rediyo a matsayin sabon shugaban Najeriya, shekarunsa 31, ko aure bai yi ba. Ba shi ne babba a soja ba, domin Birgediya Ogundipe na gaba da shi, amma sojojin Arewa da suka hamɓarar da Janar Ironsi ranar 29 ga Yuli sun ƙi karɓar umarnin Ogundipe. Zukatansu na tafasa tun kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari a watan Janairu, kuma abin da ke bakinsu shi ne "a raba". Gowon ne kaɗai suka yarda su saurara wa.

Ɗan ƙabilar Angas ne daga ƙasar Filato, amma a Wusasa ta Zariya ya tashi, inda mahaifinsa ke aikin bishara. Ya yi Kwalejin Barewa, ya yi Sandhurst a Ingila. Kirista ne mai jin Hausa kamar Bazazzagi, kuma ko abokan gabansa ba su cika zarginsa da ƙeta ba. Abin da suke faɗa shi ne ya cika sanyi. Wannan sanyin ne ya ja ragamar yaƙin, alherinsa da sharrinsa.

Da farko ya yi ta lallashi. Ya saki Cif Awolowo daga kurkukun Kalaba, daga baya ya ba shi kwamishinan kuɗi, ya kuma jawo Malam Aminu Kano da Joseph Tarka cikin gwamnati. Amma kisan gillar da aka yi wa dubban Ibo a garuruwan Arewa a watannin Satumba da Oktoba na 1966 ya riga ya tsinke igiyar amana, kuma a lokacin Gowon ne a kan kujera. A Janairun 1967 ya je Aburi ta ƙasar Ghana da zuciyar sasanta 'yan uwa, shi kuwa Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, gwamnan Gabas, ya je da takardu a shirye. Kowa ya dawo da fassararsa. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, bayan kwana uku Ojukwu ya yi shelar Biyafara, ranar 6 ga Yuli bindiga ta fara magana.

A nan ne halin mutumin ya fito fili. Ya ƙi ya kira Ibo maƙiya. Ya nace cewa da 'yan tawaye ake faɗa, jama'ar kuwa 'yan uwa ne da za a sake zama da su. Ya sa aka raba wa dakaru takardar ƙa'idojin yaƙi: kada a taɓa mace mai ciki ko yaro, kada a kashe wanda ya miƙa wuya, kada a keta alfarmar coci ko masallaci ko asibiti, kada a yi wasoso. A 1968 ya gayyato masu sa ido daga Birtaniya, Kanada, Poland da Sweden, tare da wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya da na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, su shiga fagen daga su gani da idonsu. Shugabanni nawa ne ke buɗe wa baƙi ƙofa irin wannan alhali suna yaƙi a cikin gida?

Sai dai takarda ba ta riƙe kunamar bindiga. Kwamandojinsa uku, Muhammadu Shuwa da Murtala Muhammad da Benjamin Adekunle, kowa ya zama sarki a fagensa, har sukan yi gasar neman makamai a tsakaninsu. An shawarci Murtala kada ya tsallaka Kogin Kwara kai tsaye zuwa Onitsha, ya ƙi ji, aka yi asarar sojoji masu yawa. A Asaba, cikin Oktoban 1967, dakarun tarayya sun tara maza farar hula suka harbe ɗaruruwa, kuma babu wani babban hafsa da aka gurfanar. Jiragen sama sun jefa bama-bamai a kasuwanni. Sai watan Mayun 1969 Gowon ya iya canza kwamandojin rundunonin, inda Olusegun Obasanjo ya gaji Adekunle. Ya makara, kuma rayuka ne kuɗin wannan jinkiri.

Mafi nauyi ita ce yunwa. Bayan faɗuwar Fatakwal a Mayun 1968 an toshe wa Biyafara teku, ya rage sai filin jirgin Uli da ake sauke agaji da daddare. Legas ta ce a bi ta ƙasa da rana domin kada a saƙo makamai cikin buhunan abinci, Ojukwu ya ƙi. Ana wannan ja-in-ja yara na kumbura suna mutuwa. Masu ƙiyasi sun saɓa, daga kimanin dubu ɗari biyar zuwa miliyan biyu, mafi yawa yunwa ce ta ci su. Ojukwu na da nasa kason, amma wanda ke riƙe da makullin ba zai wanku ba. A tsakiyar haka, cikin Afrilun 1969, Gowon ya yi bikin aurensa a Legas, abin da har yau wasu ba su yafe masa ba.

To, ranar da halinsa ya yi rana ita ce 15 ga Janairu, 1970. Ojukwu ya riga ya tsere zuwa Kwaddebuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya zo barikin Dodan ya miƙa wuya. Duniya na jiran ramuwar gayya, mutanen Biyafara ma an daɗe ana gaya musu yanka ke jiransu. Gowon ya rungumi Effiong, ya yi afuwa, ya ce babu wanda ya ci nasara, babu wanda aka ci. Ba a kafa kotun ɗaukar fansa ba, ba a rataye kowa ba. An tsare wasu hafsoshi na wasu shekaru, an sallami wasu, wasu kuma suka koma bakin aikinsu. Idan aka tuna yadda Janar Franco ya ci gaba da kashe waɗanda ya kayar bayan yaƙin basasar Sifaniya, za a gane girman abin da wannan matashi ya yi. Da wani mai zafin kai ne a kujerar, Allah kaɗai ya san inda za a tsaya.

Sulhun bai cika ba. Wanda ya taɓa ajiyarsa ta banki lokacin Biyafara fam 20 kacal aka ba shi, komai yawan dukiyarsa, gidajen Ibo da dama a Fatakwal kuma suka salwanta da sunan dukiyar da aka yasar. Raunin Gowon na kasa tsawata wa na ƙasa da shi ya bi shi har zamanin kuɗin fetur, lokacin da ake kuka da gwamnoninsa ya kasa cire su. A Oktoban 1974 ya janye alkawarin miƙa mulki a 1976, kuma ranar 29 ga Yuli, 1975, yana taro a Kampala, sojojinsa suka kifar da shi ba tare da an zubar da jini ba. Murtalan da ya kasa tanƙwarawa a bakin Kwara shi ya gaje shi.