Ma'aunin Ambato da Darajar Mujallar Manufofin Gwamnati

Tun da Eugene Garfield ya kawo shawara a shekarar 1955 cewa a riƙa ƙididdige yadda malamai ke ambaton rubuce-rubucen juna, har aka fara fitar da rahoton ambaton mujallu a 1975, jami'o'i suka ɗauki wannan lissafi tamkar hujja yankakkiya wajen tantance darajar mujalla. Ka'idar kuwa ita ce a ƙirga ambaton da maƙalolin shekaru biyu da suka gabata suka samu a bana, a raba da adadinsu.

Mujallar Policy Sciences, wadda aka kafa a 1970, ta isa dalili a kan raunin wannan ma'auni. A cikinta ne Horst Rittel da Melvin Webber, malamai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, suka wallafa maƙala a 1973, inda suka bayyana cewa matsalolin al'umma, irin su talauci da tsarin birane, ba su da iyakantacciyar siffa balle a ce an warware su baki ɗaya. Wannan maƙala ta zama wadda aka fi ambato a tarihin mujallar, amma galibin ambaton ya zo ne bayan shekaru masu yawa, lokacin da masu nazarin sauyin yanayi da kiwon lafiya suka ga tana bayyana halin da suke ciki. Lissafin shekaru biyu bai ga ko kaɗan daga wannan fa'ida ba.

Bugu da ƙari, masu cin moriyar ilimin manufofi na haƙiƙa su ne ma'aikatan gwamnati da 'yan majalisa, waɗanda ke aiki da bincike ba tare da sun rubuta maƙalar da za a ƙirga ba. 

Saboda haka wasu masana da suka taru a San Faransisko a 2012 suka yi ittifaƙi cewa kada a auna malami da makin mujallar da ya wallafa a ciki. Wajibi ne kwamitocin ƙarin girma su karanta aikin da kansu, su duba tasirinsa ga hukumomi, kafin su yanke hukunci.