Amanar Kuɗi da Iyakar Ikon Babban Banki: Nazari kan Sauya Fasalin Naira, 2022 zuwa 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi sauya fasalin naira domin gano inda ikon hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi ya tsaya. Ta nuna cewa tushen wannan iko amana ce, kuma an taɓa amanar tun a cikin tsarin, kafin a zo ga aiwatarwa.

Gabatarwa

Ranar 26 ga Oktoba, 2022, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Hujjar bankin ita ce, daga cikin kimanin naira tiriliyan 3.2 da ke zagayawa, fiye da kashi 80 cikin ɗari suna wajen bankuna.

Bitar ra'ayoyi

Ba mu da ja da masu cewa dole a sa ido kan bankuna. Rikicin 2009, lokacin da Gwamnan Babban Bankin na wancan lokaci, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin wasu bankuna don ceton kuɗin masu ajiya, ya isa hujja. Jayayyarmu tana tare da masu cewa manufar mai kyau ce, wajen aiwatarwa aka yi tuntuɓe. Wannan magana ta yaɗu har ta zama kamar gaskiyar da ba a tuhuma, alhali ta ɓoye wani zato: wai kuɗin da ke wajen banki kuɗi ne da suka ɓata hanya. Kuɗin Bafulatanin da ya sayar da sa, da na matar da ke zubin adashi, ba su ɓata ba. Aikinsu suke yi, a garuruwan da babu reshen banki ko ɗaya.

Hanyar bincike

An dogara da sanarwar bankin, da Dokar Babban Banki ta 2007, da hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris, 2023.

Sakamako: naira biyu a kasuwa ɗaya

Zuwa Fabrairun 2023, kuɗin da ke zagayawa sun yi ƙasa da tiriliyan ɗaya. An karɓi tsofaffin, ba a ba da sababbin daidai da su ba. Nan take naira ta rabu biyu: ta hannu da ta taransfa. Mai buhun masara zai faɗi farashi biyu a zama guda, na mai tsaba ya fi sauƙi. A rumfar mai POS kuwa, mutum ya tura dubu goma daga asusunsa a miƙo masa dubu tara ko ƙasa da haka, ya karɓa har da godiya, domin mai ƙosai da ɗan acaɓa ba su san wani alat ba.

Wannan shi ne babban abin da binciken ya gano, kuma masu nazari sun wuce shi da sauri. Takardar kuɗi alkawari ce: duk inda aka kai dubu, dubu ce. Aikin farko na babban banki shi ne tsare wannan daidaito tsakanin kuɗin ajiya da kuɗin hannu. Da daidaiton ya karye, aka shiga sayen naira da naira. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan ciniki, wato musayar jinsi ɗaya da ƙari, kuma sun sa shi a babin riba. Abin takaici ne a ce hukumar da ta buɗe ƙofar bankin da ba kuɗin ruwa a 2011, ita ce ta jefa talaka cikin cinikin da yake gudu.

Dokar ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 20(3) na Dokar Babban Banki ya ba bankin ikon janye takardun kuɗi, amma da sharaɗin wa'adi mai ma'ana da biyan cikakkiyar darajarsu. A ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, Kotun Ƙoli ta ce ba a ba da irin wannan wa'adi ba, ta kuma bar tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, 2023. Masu kare tsarin sukan kawo batun sayen ƙuri'a da kuɗin fansa. Matsaloli ne na gaske, sai dai maganinsu yana hannun hukumar zaɓe da jami'an tsaro. Ba a ba Babban Banki ajiyar jama'a don ya yi farautar ɓarayi da ita ba.

Iyakar binciken

Za a iya cewa binciken na takardu ne, bai auna asarar kasuwannin ƙauye da alƙaluma ba, kuma bai ba bunƙasar taransfa haƙƙinta ba. Mun yarda da na farko. Na biyun kuwa, abin da aka koya bisa dole ba ya wanke tilascin.

A ƙarshe, muna kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ta gyara sashe na 20(3), ta fayyace wa'adin da adadin watanni, ta kuma haramta janye tsohuwar takarda kafin a tanadi sabuwa daidai da ita.