Asalin Sassaƙar Garin Seiffen

A gabashin Jamus, cikin jihar Saksoni, akwai jerin duwatsu da suka yi iyaka da ƙasar Cek. A can wani ɗan gari yake mai suna Seiffen, mutanensa ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Amma in Kirsimeti ta gabato, 'yan tsanar katakon garin nan har Amurka ake kai su. To, ga yadda abin ya faro.

Kuza ce ta fara tara mutane a wurin. Sunan garin ya bayyana a rubuce tun 1324, lokacin da ake wanke yashin rafi ana tace kuza, kamar dai yadda aka yi a Jos. Daga baya suka shiga fasa dutse. Sannu a hankali kuzar ta yi ta ja da baya, har aka rufe ofishin haƙar ma'adinai na garin a 1849. Noma kuwa ba ya riƙe gida a nan, don ƙasar ba ta da albarka, ga sanyi mai daɗewa. Abin da Allah ya hore musu shi ne daji da ruwa mai gudu.

Sai mahaƙan suka koma ga itace. Ruwan da ke juya injin daka dutse, shi aka mayar yana juya katako. Da farantai da mazari suka fara, sannan kayan wasan yara.

Wajen 1800 suka ƙago wata dabara mai ban mamaki. Gwani zai juya katako ya fitar da zobe babba, wanda ba ka ganin siffar komai a jikinsa. Sai an yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowane yanki ya fito doki ko saniya. Da haka suka riƙa cika 'yan jiragen Annabi Nuhu da dabbobi a kan araha. Mata da yara ke gyarawa su shafa fenti, amma ribar, gaskiya, fataken garuruwan Olbernhau da Grünhainichen ne suka fi cin ta.

Wajen 1870 kuma wani mai suna Wilhelm Füchtner ya shiga ƙera mutum-mutumin sarki da na soja masu fasa ƙwaya da baki, wato talaka ya sa masu mulki aiki.

Har yau sana'ar na nan a garin da ƙauyukan kewaye, kuma tun 1953 suke da gidan tarihin kayan wasa.