Karanta babbar lamba: 3.328.365

A ƙidayar jama'a da aka yi a Nijar a shekarar 2012, an samu mutum 3.328.365 a jihar Tawa. Kada tsawon wannan lamba ya razana ku. Idan kuka iya karanta ta, to za ku iya karanta kowace takardar bashi ko littafin asusun ƙungiyarku.

Yadda za ku karanta ta

Ku fara daga hannun dama, ku ware alƙaluman uku-uku. A Nijar ana raba su da ɗigo ko a bar ɗan fili, a Najeriya kuma da waƙafi. Rukunin dama shi ne 365, na tsakiya dubbai ne, na hagu kuwa miliyoyi. Sai ku ce: miliyan uku, da dubu ɗari uku da ashirin da takwas, da ɗari uku da sittin da biyar.

Ku lura, 3 ta fito sau uku, amma darajarta ba ɗaya ba ce. Ta farko miliyan uku ce, ta biyu dubu ɗari uku, ta ukun kuwa ɗari uku kawai. Gurbin alƙalami shi ke nuna darajarsa. Shi ya sa sifiri guda da aka ƙara a ƙarshe yake mayar da 50.000 ta zama 500.000.

Da me take rabuwa?

Da 2: ku dubi alƙalamin ƙarshe. Idan 0, 2, 4, 6 ko 8 ne, lambar tana rabuwa biyu daidai. Tamu ta ƙare da 5, saboda haka ɗaya zai yi saura.

Da 5: duk lambar da ta ƙare da 0 ko 5 tana rabuwa biyar. A nan kowane kaso 665.673 ne.

Da 3: ku tara alƙaluman duka. 3+3+2+8+3+6+5 ya ba da 30. Tunda 30 tana rabuwa uku, ita ma babbar tana rabuwa.

Da 9: 30 ba ta rabuwa tara, don haka 3 za ta yi saura.

Da 15: abin da ya rabu da 3 da kuma 5 yana rabuwa da 15. Kowane kaso 221.891 ne.

Amfaninsa gare ku

A kasuwar Tawa ko ta Keita da dala da jika ake ciniki, amma a takarda faran ake rubutawa. Dala faran 5 ce, jika kuwa faran 1.000. Da a ce lambar nan kuɗi ce, da ta zama jika 3.328 da dala 73. Wanda ya ɗauki faran a matsayin dala ya ninka kuɗin sau biyar.

Saboda haka, kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takarda, ku ƙirga alƙaluman, ku karanta lambar da ƙarfi a gaban shaidu, sannan ku mayar da ita jika da dala.