Bakteriyar da ke kare shinkafa daga cuta: yadda take aiki da inda take gazawa

Ba kowace ƙwayar bakteriya ce ke haddasa cuta ba. A cikin ƙasar da ke manne da saiwar shinkafa akwai waɗanda ke rayuwa kan abin da saiwar ke tsattsafarwa, su kuma su tsare ta daga maƙiya. Biyu suka fi shahara a wajen masana: Pseudomonas fluorescens da Bacillus subtilis.

Cututtukan da ake son su tare manya ne. Akwai wadda naman gwari mai suna Magnaporthe oryzae ke kawowa, mai huda ganye da tabo, ta kama wuyan zangarniya har ta bushe ba ƙwaya. Akwai kuma ƙunar ganye da bakteriyar Xanthomonas oryzae ke haddasawa. Dukkansu biyu suna nan a gonakin Afirka ta Yamma.

Pseudomonas na fitar da wani sinadari da ke tattare ƙarfen da ke cikin ƙasa, sai mai cutar ya rasa abin da zai girma da shi. Tana kuma fitar da guba mai kashe naman gwari. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne zamanta a saiwa kan zaburar da garkuwar tsiron gaba ɗaya, ta yadda ganyen da bakteriyar ba ta taɓa ba shi ma zai ƙara jure cuta.

A Indiya aka fi fitar da wannan ilimi daga ɗakin gwaji zuwa gona. Jami'ar Aikin Gona ta Tamil Nadu, a birnin Koyimbato, ta haɗa Pseudomonas cikin farar hoda, ta kuma ba manoma shawarar cuɗa giram 10 da kowane kilo na iri, ko zuba kilo 2.5 a hekta haɗe da takin gargajiya. Ana kuma tsoma saiwar dashe a ruwan hodar. Akwai dalilin kasuwa a ciki: a 2017 Tarayyar Turai ta rage adadin ragowar maganin tricyclazole da ta yarda a samu a shinkafa zuwa miligiram 0.01 a kilo, matakin da ya girgiza masu fitar da basmati.

A 2021 masu bincike daga Jami'ar Zhejiang ta Sin da abokan aikinsu na Ostiriya suka bayyana cewa Sphingomonas melonis, wadda ke zaune cikin ƙwayar iri, tana kare tsiro daga wata cutar bakteriya, kuma ana gadonta ta iri.

Sai dai abu mai rai ne ake sayarwa, ba sinadari ba. Hodar Pseudomonas kan mutu cikin watanni, zafi kuma na gaggauta hakan. Bacillus ta fi juriya domin tana iya ƙudundunewa ta yi dogon barci. Rigakafi ce kuma, ba ta ceto gonar da cuta ta riga ta cinye, sakamakonta ma kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ga manomin Kebbi ko Kadawa, tambayar ta koma ta hukuma: wa zai tabbatar cewa buhun da ya kwana a rumfar kasuwa cikin zafin Afrilu yana ɗauke da ƙwayoyi masu rai? Cibiyar IITA da ke Ibadan ta riga ta samar da Nodumax, bakteriyar da ake cuɗawa da irin waken suya, wanda ke nuna cewa ana iya sarrafa irin wannan kaya a Najeriya.